Hukuncin Aibin da Ido Ba Ya Gani

Fuƙaha'un Malikiyya sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa muddin ya san da shi. To, ina hukunci idan aibin ya ɓuya ga mai saye da mai sayarwa baki ɗaya? Matar da ke soya ƙuli-ƙuli a Madawa takan baza gyaɗarta a faifai, ta tsince wadda ta yi funfuna da wadda ta motse, alhali dafin da funfunar ke bari, wanda masana ke kira aflatoksin, ba shi da wari, suya ba ta kawar da shi, kuma a hankali yake cin hanta. Ba a gano shi ba sai bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa. A 2004 kuwa ya halaka mutum 125 a Kenya ta hanyar masara.

Yanzu masana suna jarraba wani magani wanda shi ma ya gagari gani. Sukan zuba ruwan ganyen dogon yaro a cikin narkakken gishirin azurfa, sai ruwan ya rine, alamar azurfar ta dunƙule ta zama zarra-zarra da ba su wuce nanomita 100 ba, masu huda jikin funfuna su hana ta yaɗuwa. Galibin aikin yana ɗakunan bincike tukuna, ko da yake itacen namu ne, shi aka jera a kwarin Majiya, ƙasar Buza, tun 1975 don tare iska.

Ban ga saɓani tsakanin wannan bincike da tawakkali ba, domin riƙo da sababi umarni ne. Abin da ke damuna shi ne ƙa'idar da ta hana gusar da cuta da wata cuta kamarta, saboda azurfa ba ta bambance funfuna da ƙananan halittun da ke raya ƙasa, kuma duk wanda ya san yadda matan Keita suka yi dakon duwatsu a ka tun 1984, har faƙo ya sake fitar da gero, ba zai yarda a zuba wa wannan ƙasa abin da ba a san aƙibarsa ba. Rashin sani uzuri ne ga mai ƙuli-ƙuli, amma masanin da Allah ya hore wa madubin ganin zarra, amanar ta koma wuyansa. Wajibi ne cibiyar binciken noma irin INRAN ta jarraba maganin damina bayan damina a ƙasar Adar, ta kuma bayyana wa manoma sakamakon da Hausa, kafin ya kusanci rumbun gero ko rudun albasa.