Wane ne Dakta, mai kalangu ko mai alƙalami?

A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na dakta a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A kan wa ya yi binciken? A kan Alhaji Mamman Shata. Shi kuwa Shatan sai a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi nasa digirin, shi ma na girmamawa. Wato wanda ya yi nazarin waƙar ya riga mai waƙar zama Dakta da shekara 13.

Ba laifin malamin muke gani ba. In ba don irin su ba, da su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, da tarihin makaɗanmu da yawa ya bi ruwa. Tambayar dai ita ce: shin abin da ke hannun makaɗi ilimi ne, ko kuwa sai an sa shi a takarda yake zama ilimi?

Mai karatu, ɗauki makaɗin gangar noma a karkara irin ta Zakirai, cikin ƙaramar hukumar Gabasawa. Tun yana yaro yake saɓa ganga a bayan mahaifinsa. Ya san taken kowane manomi, ya san lokacin da zai zafafa kiɗa in 'yan gayya sun fara sanyi, ya san yadda ake ɗaure fata har ta yi magana. Shekara ashirin yana wannan karatu, amma a bakin mutane sunansa maroƙi, wani gidan ma ba za a ba shi aure ba. Ɗalibin da ya zo da rikoda ya ɗauki kiɗansa na kwana uku, shi ne zai fito da digiri na biyu. Tsakani da Allah, wannan rabo ya yi daidai?

A wasu ƙasashen an warware wannan tuntuni. A makarantar Juilliard da ke New York ana yin digiri na biyu har da na dakta a kan iya kiɗan kansa, kuma babbar jarrabawar ita ce ɗalibi ya hau dandamali ya kaɗa a gaban ƙwararru. A nan gida ma, Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961.

Wani zai ce ai baiwa ba a koyar da ita a aji, Shata da Ɗanmaraya Jos wace jami'a suka shiga? Gaskiya ne. To amma su sun tashi a zamanin da yaro kan bi ubangida shekara da shekaru yana amshi. Wannan makaranta ita ce take rushewa. Matasan da suka raya waƙoƙin finafinanmu da fiyanon Yamaha sun yi ƙoƙari, sai dai yawancinsu da ka suka koya, kuma sautin kalangun da ke cikin na'ura ba ya iya faɗin taken kowa. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Faifansu na nan, amma faifai ba ya gyara wa yaro riƙon kuntigi.

Don haka digirin girmamawa bai biya bashin ba. Riga ce ake sa wa dattijo rana ɗaya, a yi hoto a watse. Girmamawar gaskiya ita ce jami'a ta ɗauki tsohon makaɗi a matsayin malami, ta biya shi albashi, ɗalibai su zauna gabansa da ladabi, a jarraba su da hannu kamar yadda ake jarraba su da alƙalami. Wanda muka ci moriyar iliminsa muka raina shi, mun ci amanarsa.

Allah ya ganar da mu, amin.