SUNAN GIDA DA HALIN GIDA

A wannan wata za mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu tsaya a ƙofar jami'o'insu. Akwai wani zaɓe da 'yan mata su ke yi a can kowace shekara, waɗansu da murna, waɗansu da hawaye. Da ya ke akwai 'ya'yanmu da su ke karatu a ƙasar, zaɓen nan yana iya isa gabansu, ya kamata kuwa iyaye su san abin da za su faɗi in an nemi shawararsu. Sauranmu ma da rabonmu a ciki, gama babu wanda bai taɓa auna mutane da sunan da a ka laƙaba musu ba.

Mene ne sororiti?

Kalmar ta fito daga Latinanci, tushenta kuwa 'yar'uwa ne. Ƙungiya ce ta ɗalibai mata waɗanda su ka ɗaura alkawarin zama 'yan'uwan juna har iyakar ransu. A jami'o'i da yawa kowace ƙungiya tana da babban gida inda su ke ci su ke kwana, da sunanta a rubuce bisa ƙofa da baƙaƙen Helenanci biyu ko uku. Kada mu ɗauke su daidai da ƙungiyoyin asiri masu zub da jini da mu ka sani a waɗansu makarantun Nijeriya. Waɗannan a fili su ke, hukumar makaranta ta san su, ko da ya ke suna ɓoye al'adar da su ke yi ran karɓar sabuwa.

Ta fari ta tashi a 1851 a kwalejin mata ta Wesleyan a Jojiya, makarantar da masu bi su ka kafa. A kwanakin nan mace mai neman ilimi mai zurfi abar ba'a ce, domin haka 'yan matan su ka haɗa kai su riƙe juna. Manyan ƙungiyoyi 26 suna ƙarƙashin majalisa ɗaya wadda a ka kafa a 1902. Da ya ke ƙofofinsu a rufe su ke ga baƙar fata, ɗalibai baƙaƙe su ka kafa tasu, Alpha Kappa Alpha, a Jami'ar Howard a 1908. A 1913 kuma waɗansu 22 su ka kafa Delta Sigma Theta, a shekaran nan kuwa su ka shiga jerin gwanon mata masu neman ikon jefa ƙuri'a. Ashe asalin abin nan taimakon juna ne.

Ga yadda a ke zaɓen. A farkon shekarar karatu a kan keɓe wajen mako ɗaya. Yarinya ta zaga gidajen duka, ta yi taɗi kaɗan da 'yan kowane gida. Ita ta rubuta waɗanda ta fi so, su ma su rubuta waɗanda su ka fi so. Kowace rana gidajen da su ke sāke kiranta suna raguwa. Ran ƙarshe a miƙa mata takarda a rufe, ta buɗe ta ga gidan da ya karɓe ta. Wata kuwa ba ta samun takarda ko kaɗan. A Jami'ar Alabama kaɗai 'yan mata fiye da 2,000 su kan shiga wannan zaɓe a shekara.

Tun yarinya ba ta sa ƙafa a ƙofa ba, an riga an cika mata kunne. Wannan gidan kyawawa ne, wancan na 'ya'yan masu kuɗi, wancan na masu shagali, wancan na waɗanda babu mai so. Ɗalibai sun jera gidajen hawa uku, na sama, na tsakiya, da na ƙasa. Abin baƙin ciki, sau da yawa ra'ayin samari ne ma'aunin. Yarinya ta kan ji zuciyarta ta kwanta da mutanen wani gida, amma ta ƙi su domin kunyar sunansu.

Sa'anda suna ya zama gunki

Bari mu ji abin da ya faru a Jami'ar DePauw a Indiyana. Gidan Delta Zeta na wurin ya tara 'yan mata masu ƙwazo, da yawansu masu karatun kimiyya da lissafi. Amma ɗalibai sun ba su suna, wai ba su iya shiga mutane ba, sababbin masu shiga kuma su ka ragu. A ƙarshen 2006 shugabannin ƙungiyar na ƙasa su ka zo su ka gana da 'yan gidan 35, kāna su ka rubuta wa 23 su bar gidan. Jaridar New York Times ta ba da labari a 2007 cewa cikin waɗanda a ka fitar har da dukan masu jiki, da 'yan asalin Koriya da Biyetnam. Shugabannin sun yi musu, sun ce ba domin kamanni ba ne, rashin himmar neman sababbi ne. Amma cikin 12 da a ka bari, shida su ka tattara kayansu su ka bi 'yan'uwansu. A watan Maris jami'ar ta raba gari da ƙungiyar.

Mu lura da kyau. An so a gyara suna, sai a ka zubar da mutane, a ƙarshe an rasa mutanen, an rasa gidan. Waɗannan shida da su ka fita sun fi shugabanninsu gane ma'anar 'yar'uwa.

Haka kuma a Alabama a 2013 jaridar ɗalibai ta tona cewa an hana 'yan mata baƙaƙe shiga manyan gidaje, ko da ya ke waɗansu 'yan gidan sun so su. Sun ce tsofaffin 'yan ƙungiya ne su ka hana. Ɗalibai su ka yi jerin gwano, hukuma ta sa a ka sāke buɗe ƙofa, a ka karɓi waɗansu. Gidajen da a ke yabo ke nan, ga kuwa abin da ya ke ɓoye a ƙarƙashin yabon.

Abin da Maganar Allah ta koya mana

Gaskiya ne littafin Misalai ya ɗaukaka suna mai kyau bisa dukiya. Amma sunan da Sulemanu ya ke nufi shi ne wanda hali ya haifa, ba wanda bakin kasuwa ya raɗa ba. Ku buɗe 1 Samu'ila sura 16. Annabi ya tafi gidan Yesse domin ya shafe sarki. Da ya ga Eliyab, dogo kyakkyawa, zuciyarsa ta gama zaɓe nan da nan. Ubangiji ya tsawata masa, ya nuna masa ma'auninsa dabam ya ke da na mutum, zuciya ya ke aunawa. 'Ya'ya bakwai su ka wuce, wanda a ka zaɓa kuwa yana jeji da tumaki, ba a ko kira shi wurin taron ba. Idan ido ya ruɗi annabin Allah, ina ga yarinya mai shekara 18?

Ubangijinmu da kansa ya fito daga gari mai mugun suna. Sa'anda Filibus ya gaya wa Nata'ala labarinsa, Nata'ala ya rena shi domin Nazarat. Filibus bai tsaya gardama ba, ya jawo shi domin ya gani da idonsa. Da Nata'ala ya tsaya a kan jita-jita, da ya rasa Mai Ceto. Gani ya kori ji.

Mu tuna kuma, suna ya kan daɗe fiye da masu shi. Bayan shekara huɗu 'yan gidan duka sun sāke, amma sunan yana nan manne kamar kaska. Ƙungiya ɗaya kuma tana da suna iri ɗaya a wannan jami'a, wani iri a waccan. Domin haka, ke 'yarmu, kada ki tambayi abin da a ke faɗi a kansu. Ki yi waɗannan tambayoyi huɗu.

Ta fari: Yaya su ke yi da mafi ƙanƙanta? Ki duba yadda su ke magana da mai dafa musu abinci, da yarinyar da tufafinta ba su kai na saura ba. Ki saurari abin da su ke faɗi a kan wadda ba ta wurin, gama haka za su faɗi a kanki gobe. Yaƙub ya hore mu a sura 2 a kan taron da ya ke ba mai zoben zinariya kujera, ya bar matalauci a tsaye.

Ta biyu: Me zan ajiye a bakin ƙofa kafin in shiga? Idan sai kin ɓoye bangaskiyarki, ko kin bar sujada, ko kin ji kunyar sunan da iyayenki su ka sa miki, gidan nan ya yi miki tsada. Dokar manyan ƙungiyoyin ta hana giya cikin gidajensu, dokar ƙasa kuma ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 21 ba, duk da haka a kan sha a wuraren biki. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Akwai kuma muguwar al'ada ta wulakanta sababbi domin a gwada su, wadda ta ci rayukan ɗalibai, yawancinsu a ƙungiyoyin maza, har a 2024 a ka kafa dokar ƙasa ta tilasta wa jami'o'i su bayyana irin wannan laifi. Ki nemi rahoton makarantarki ki karanta. Game da rantsuwa kuwa, ki tambaya tun da wuri ko akwai abin da zai sāɓa wa lamirinki. Ki tuna da Hirudus, wanda ya rantse a wurin biki, kunyar baƙinsa ta sa ya yanke kan Yohanna.

Ta uku: Nawa ne, wa zai biya? A waɗansu wurare kuɗin ya kan kai dubban daloli a shekara, ban da tufafi. Ki zauna ki yi lissafi kamar mai ginin hasumiya. Kada ki sa mahaifinki ya sayar da gona domin baƙaƙe uku a ƙirjinki.

Ta huɗu: Wane aiki su ke yi? Ba ma ɓoye alherinsu. Delta Delta Delta tana tara gudummawa domin asibitin yara na St. Jude a Memfis, Delta Gamma tana hidimar makafi, Pi Beta Phi tana taimakon yara su iya karatu. Akwai kuma waɗanda a ka kafa bisa sunan Kristi, kamar Alpha Delta Chi tun 1925 da Sigma Phi Lambda tun 1988. Amma ko waɗannan ma ki auna su da 'ya'yansu, gama sunan Kirista a ƙofa ba ya tsarkake ɗaki.

Ga wadda a ka ƙi

Wataƙila kin buɗe hannu ba ki sami takarda ba. Kukanki ba zunubi ba ne. Amma mutanen da su ka yi taɗi da ke na 'yan mintoci ba su isa su faɗi tamaninki ba. An riga an biya tamaninki a kan giciye. Dauda ma an manta da shi a jeji. Yawancin ɗaliban Amurka suna gama karatu lafiya ba su shiga ƙungiya ko ɗaya ba. Ki nemi taron masu bi a garin, za ki iske 'yan'uwa waɗanda ba su neman kuɗin shiga.

Ku iyaye, kada ku rufe zancen da tsawa, kada kuwa ku tura 'yarku domin ku yi fahariya da sunan gidan. Ku bi tambayoyin nan da ita ɗaya ɗaya, ku durƙusa tare.

Mu kuma da mu ke gida, kada mu nuna Amurka da yatsa mu manta da kanmu. Ashe, babu hawa uku cikin Zumuntar Matanmu? Gwauruwar da ba ta iya sayen zanen taro ba, a wane benci ta ke zama? Baƙuwar wata kabila, wa ya tashi ya gaishe ta ran Lahadi? Ekklesiya ce gidan da Mai gida ya san halinmu sarai, duk da haka ya aiko mana da kira. Mu karɓi juna yadda ya karɓe mu.

Ya Ubangiji, ka kiyaye 'ya'yanmu a baƙuwar ƙasa. Ka ba su ido mai ganin hali, da zuciya wadda ba ta tsoron bakin mutane. Cikin sunan Yesu Kristi, Amin.