Hurumin Gari da Gonar Nabot



Daga ranar 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, ranar idin Waliyi Faransis na Asisi, Ikkilisiya takan keɓe lokaci domin addu'a saboda halittar Allah. Sau da yawa idan aka ambaci wannan, hankalinmu yakan tafi nesa, ga hamadar da ke gangarowa daga arewa, ko ga Tafkin Chadi da ya janye. A wannan karo muna so mu dawo kusa, ga gonar da ke bayan katangar gidanmu, ko kuwa gonar da take can shekara goma da suka wuce, yau babu ita.

Duk wanda ya san Kaduna kafin shekarar 2000 zai tuna cewa da mutum ya wuce Sabon Tasha kaɗan, sai ya shiga gonakin Gbagyi, doya da masara da dawa, da itatuwan ɗorawa da kaɗanya tsaye a tsakiyarsu. Yau daga Narayi zuwa Kamazou, daga Unguwar Romi zuwa Gonin Gora, har Maraban Rido, rufin kwano ne ke bin rufin kwano. Ba za mu yi kamar ba mu san dalili ba. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun raba garin gida biyu: Kirista da yawa suka haye kudancin kogi, Musulmi da yawa suka koma arewacinsa, kowa yana neman inda zai kwanta ya yi barci. Wanda ya tsere da iyalinsa daga wuta, ya sami ɗan fili ya kafa ɗaki biyu, bai yi zunubi ba. Amma tun da yake mu ne muka saya, waɗansunmu kuma su ne suka sayar, majami'unmu ma a kan tsofaffin gonaki aka gina su, wannan magana tamu ce kafin ta zama ta gwamnati.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, Littafi Mai Tsarki ya yi wa wannan al'amari ƙa'ida tun Isra'ilawa ba su haye Urdun ba. A Littafin Ƙidaya, sura 35, Ubangiji ya umarci Musa a ba Lawiyawa garuruwa 48, ya kuma umarta a bar wa kowane gari fili kewaye da shi, kamu dubu daga garu zuwa waje, watau kusan rabin kilomita, domin shanunsu da sauran dabbobinsu. A Littafin Firistoci, sura 25, an bambanta gida da fili. Gidan da ke cikin birni mai garu ana iya sayar da shi, idan kuwa shekara ta cika ba a fanshe shi ba, ya zama na mai saye har abada. Gona kuwa sai ta koma ga iyalin da suka gāje ta a shekarar murna, wadda takan zo bayan shekara 49. Filin da ke kewaye da garuruwan Lawiyawa shi ne aka fi tsananta wa, gama aya ta 34 ta hana a sayar da shi sam. Dalilin duka yana aya ta 23: ƙasa ta Allah ce, mu baƙi ne masu zama a wurinsa. Baƙo kuwa ba ya sayar da tabarmar da aka shimfiɗa masa.

Kakannin mutanen ƙasar nan sun san wannan hikima, har suna da sunanta, hurumi. Hurumin gari shi ne filin da ba na kowa ba domin na kowa ne: can ake kiwo, can ake binne matattu, can mata ke samun itace da ganyen miya. Sa'ad da aka fara ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, aka kuma yi ta faɗaɗa ta a ƙarnonin da suka biyo, ba gidaje kaɗai aka kewaye ba, an haɗa da gonaki da kududdufai, domin idan yaƙi ya tsare ƙofa, gari ya sami abin ci. Baturen nan Barth da ya iso Kano a 1851 ya tarar da filayen noma masu faɗi a cikin ganuwa. Har cikin ƙarni na 20 jakuna suna fita da taki daga birni zuwa gonakin karkara, su komo da itace da hatsi. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni. Kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, ruwan da suke riƙewa a dā yanzu cikin ɗakunan mutane yake kwana.

Yanzu mu juya ga labarin da muka sani tun muna ajin katekisim, a 1 Sarakuna sura 21. Nabot yana da gonar inabi a Yezreyel, jikin fādar Sarki Ahab. Mu lura da kyau: Ahab bai fara da ƙwace ba. Ciniki ya kawo, ciniki mai kyau ma, gona wadda ta fi ta, ko kuɗi daidai darajarta. Da a yau ne, da 'yan'uwan Nabot sun taru sun ce masa ya haukace. Nabot ya ƙi, gama gādon kakanninsa ne, shi kuwa mai riƙo ne kawai tsakanin waɗanda suka riga shi da waɗanda za su biyo shi. Sa'an nan Yezebel ta shiga maganar, ba da takobi ba. Ta rubuta wasiƙu da sunan sarki, ta buga hatiminsa, dattawan gari suka yi biyayya, aka samo shaidun zur biyu, aka jajjefe Nabot a bayan gari. Kowane mataki yana da takarda, yana da hatimi, yana da shaidu. Duk da haka, da Ahab ya gangara ya mallaki gonar, sai Annabi Iliya ya same shi a can da hukuncin Allah. Waliyi Amburos, Bishof na Milan, ya rubuta littafi guda a kan Nabot a ƙarshen ƙarni na 4, domin ya ga attajiran zamaninsa suna haɗiye gonakin talakawa ta wannan hanya. Annabi Ishaya kuma, a sura 5 aya ta 8, ya yi kaito ga masu haɗa gida da gida, gona da gona, har wuri ya ƙare wa kowa.

Ya kamata kowane mai bi ya san abin da dokar ƙasa ta ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ce riƙon amana yake yi domin amfanin 'yan Najeriya duka. Kalmar nan, amana, tana cikin dokar kanta. Amma dokar ta ba da ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, diyyar da ake biya kuwa ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ba ta ƙasar ba. Saboda haka manomin da ya ji labarin cewa gari yana matsowa, tsoro yakan kama shi, ya ce gwamma ya sayar yau da a karɓe gobe a ƙirga masa kuɗin masara. Dillali ya zo da igiya, a yanka gonar fuloti fuloti, ƙafa 50 da 100, ba hanyar kirki, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, ba inda yara za su buga ƙwallo. Wannan shi ne awon igiya. Kuɗin yakan shiga biyan makaranta, da asibiti, da babur, da aure, dukansu bukatu na gaskiya. Bayan shekara uku kuɗi ya ƙare, gona ta tafi, mutumin da yake cika rumbu ya koma mai gadi a ƙofar gidan da aka gina bisa kunyar doyarsa. Ba mu faɗi wannan domin mu kunyata kowa ba. Waɗansu da abin ya same su suna zaune tare da mu a Misa kowace Lahadi.

Abin da aka rasa ya wuce gonar mutum ɗaya. Fadamar bakin Kogin Kaduna ita ce ke ba kasuwanninmu tumatir da alayyafo da rani, ita ce kuma ke shanye ruwa idan kogi ya cika. Da aka yi gini a cikinta, ambaliyar 2003 da ta 2012 sun nuna mana cewa kogi bai sa hannu a takardar cinikin ba. Burtalin da aka toshe da katanga yakan tura shanu cikin gonar wani, mun kuwa san irin jinin da ƙasar nan ta zubar a kan haka. Ɗorawar da aka sare, daddawar wata gwauruwa ce aka sare, da kuɗin makarantar 'ya'yanta. Marigayi Paparoma Faransis, a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya yi gargaɗi cewa ba a halicci mutum domin ya zauna cikin siminti da kwalta da ƙarfe ba tare da ya taɓa halittar Allah ba. Ya kuma lura cewa wuraren inuwa da ciyawa sukan taru a unguwannin masu hali, talakawa kuwa a bar su da ƙura.

Wani zai tambaya, to, ina za mu zauna? Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa za mu kauce mata ba. A Ingila an yi doka a 1938 domin a tsare filayen da ke kewaye da Landan, a 1955 kuma aka ƙarfafa sauran garuruwa su yi haka. Filayen sun tsira, amma har yau ana gardama a can cewa tsarin yana cikin abubuwan da suka sa gidaje suka yi tsada har matasa suka kāsa saya. Idan tsare fili zai zama hanyar da wanda ya riga ya sami gida zai rufe ƙofa ga wanda bai samu ba, wannan ma ba adalci ba ne a gaban Allah. Sai dai mu duba cikin garinmu da idon gaskiya. Fuloti nawa ne aka kewaye da katanga shekara da shekaru, ba gida ba gona, sai ciyawa da macizai, mai shi yana jiran farashi ya hau? Gidaje nawa ne aka bari kango a unguwannin da muka gudu daga cikinsu? Kaduna ba ta rasa tsari a takarda ba. Tun 1917 da aka mai da ita babban birnin Arewa aka zana ta, a 1967 kuma aka yi mata babban tsarin Max Lock. Garin da mutanensa ke tsoron juna dole ya ci ƙasa ninki biyu, gama kowane gefe sai ya gina kasuwarsa da makarantarsa da asibitinsa. Saboda haka duk wanda ya yi aikin sulhu tsakanin Kirista da Musulmi, gona yake ceto ko bai sani ba. Limamin masallaci da Fada suna iya tsayawa tare a gaban hakimi a kan fadama ɗaya, gama ruwan ambaliya ba ya tambayar addinin mai gida.

Muna roƙon iyayenmu manoma: idan bukata ta matsa har sai an sayar, kada a yi shi a ɓoye. A zauna da uwargida da 'ya'ya, har da 'ya'ya mata, da matan 'yan'uwa da suka rasu, a sayar da abin da ya zama dole, a riƙe fadama. Masu saye kuma, kafin a biya, a tambayi wanda ya noma filin bara, a ji ko da yardarsa; a je wurin da damina, ba da rani ba, a ga inda ruwa ke bi. Ku 'yan'uwanmu da ke aikin safiyo da ofisoshin filaye, da ku masu unguwa da dagatai da ke cikin Ikkilisiya, hatimin yana hannunku. Dattawan Yezreyel ba su ƙirƙiro makircin ba, wasiƙa kawai suka bi, amma Littafi Mai Tsarki bai manta da su ba. Wanda ya sa hannu aka mai da filin makaranta ko hanyar ruwa fuloti, ya kawo wannan ga furcin zunubi kamar yadda zai kawo sata, ya kuma nemi hanyar gyara.

Mu ma masu hidima ba mu kuɓuta ba. Mun sha ganin majalisar coci ta sami fili mai faɗi, abu na fari a sare itatuwan da aka tarar, na biyu a malale harabar da siminti daga ƙofa zuwa katanga, sa'an nan a yi ta tara kuɗin rumfa domin rana ta hana mutane tsayawa. Muna roƙon kowace majalisar coci ta zagaya filinta kafin idin Waliyi Faransis, ta rubuta itatuwan da ke ciki, ta keɓe wani yanki da ba za a yi gini a kai ba, a sa wannan cikin littafin majalisa domin waɗanda za su gāje ta su tarar. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa suna iya noma yankin, amfanin ya tafi ga gwauraye da marayu. Inda ƙauye yake da sauran hurumi ko maƙabarta ko burtali, katekis ya taimaki dattawa su kai maganar ga hakimi da ƙaramar hukuma, a auna shi a rubuta shi da sunan jama'a, tun dillali bai iso da igiyarsa ba.

A addu'ar masu bi ta Lahadin nan, a ƙara roƙo ɗaya domin iyalan da suka rasa gonakinsu, ɗaya kuma domin waɗanda har yanzu suke neman wurin zama. Sa'ad da za a kawo baikon godiya na kaka, muna so katekis ya tambayi kowane iyali inda aka noma abin da suka kawo, ya rubuta nawa ne daga gonarsu, nawa ne daga kasuwa, a aiko mana da lissafin ta hannun Fada.