Yaron Da Muka Riƙa, In Danginsa Sun Zo Fa?

Kwanan baya, bayan sallar Asuba, wani ɗan'uwa ya tsayar da mu a ƙofar masallaci da tambaya. Tun farkon 2015, lokacin da aka watsa Baga, ya tsinci yaro ɗan shekara shida a tasha yana kuka, ba uwa ba uba. Ya kai shi gida, ya sa shi makaranta, yau yaron ne ke tsare masa shago a Kasuwar Monday. Ga shi yanzu wani ya zo ya ce shi baffansa ne, uwar yaron tana raye a Diffa. "Malam," in ji shi, "ni na yi wahalarsa. Wa ya fi haƙƙi da shi?"

Ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. Tun da fitina ta tashi a 2009, musamman da aka ci Gwoza da Bama a 2014, gidaje da yawa a Shehuri sun karɓi yaran da ba su haifa ba. Mu kanmu baƙi ne da Barno ta riƙa, iyayenmu daga Kano da Katsina da Damagaram suka zo, don haka mun san daɗin a buɗe wa mutum ƙofa. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta ce an kai mata rahoton ɓatan mutum kusan 22,000 a Najeriya, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓace. Ma'ana, wani yaron da ke cin tuwo a gidanmu, akwai uwar da har yau take zuba ido a hanya saboda shi.

Malamanmu na fiƙihu sun ce ɗaukar tsintaccen yaro farilla ce a kan jama'a, in wasu sun yi sun ɗauke wa saura. Ladan mai riƙon maraya kuwa kowa ya san shi. Amma riƙo amana ce, ita kuwa amana tana da mai ita. Shi ya sa a Suratul Ahzab aka umarce mu da kiran irin waɗannan yara da sunan ubanninsu. Duk wanda ya canza wa yaro sunan uba, ya hana shi yaren gidansu, ya daina ambatar garinsu a gabansa, to ya toshe hanyar da za a bi a same shi, ko da nama yake ba shi kullum.

A nan ne da yawanmu muka gaza. Mun ciyar, mun tufatar, amma cigiya fa? Zumunta a ƙafa take. Mutum nawa ne cikinmu suka je wurin Bulama ko Lawan suka rubuta sunan yaron? Nawa suka kai bayaninsa ofishin Red Cross, inda ake neman dangi har sansanin Minawao na Kamaru, kuma ba a karɓar ko sisi? Mu faɗa wa kanmu gaskiya: wani ya bar cigiya ne don yaron ya zama ɗan aike, yarinya ta zama mai wanke-wanke. Wannan kam ya tashi daga riƙo, ya koma cin gumin maraya.

To sai a miƙa yaro ga duk wanda ya yi sallama ya ce ni baffa ne? A'a. Amanar da ta sa mu nema, ita ce ta sa mu bincika. A kawo shaidu, a yi a gaban hukuma da manyan unguwa, a ji muryar uwar ko ta waya ce, a san inda za a kai shi da abin da zai tarar.

Sannan a tambayi yaron. Ku tuna Zaidu ɗan Harisa. Da mahaifinsa da baffansa suka zo Makka da kuɗin fansa, Manzon Allah (SAW) bai ɓoye shi ba, bai karɓi kuɗi ba, ya kira shi ya ba shi zaɓi. Zaidu ya zaɓi zama, mahaifinsa ya koma da kwanciyar hankali domin ya ga ɗansa da idonsa. Kun ga, wanda ya fi kowa iya riƙo shi ne ya fara buɗe ƙofa.

Abin da muka gaya wa ɗan'uwan nan ke nan. Haƙƙin da ya fi girma na yaron ne: ya san uwarsa, uwarsa ta san yana raye. Ko ya tafi ko ya dawo, wahalarka tana wurin Allah, ba ta ɓata ba. Rabuwa da ciwo, ba mu musa ba. Amma daren ambaliyar Alau, Satumban 2024, da ruwa ya shigo har fadar Shehu, wasunmu sun yi awanni ba su san inda 'ya'yansu suke ba. Awanni kawai, ai mun ji yadda abin yake. Ita wannan baiwar Allah shekara goma take ciki.

Duk mai ɗan riƙo a gidansa, ya zaunar da shi makon nan, ya rubuta sunan ubansa da garinsu da duk abin da ya tuna, tun bai manta ba. Allah Ya sada kowa da nasa, Ya ba mu ikon sauke amana. Amin.