Gonar Taka Ce, Amma Ruwan Fa?

  

Ya kai ɗan'uwa saurayi mai noman rani a Janfalan, ko Makarfi, ko Hunkuyi, ga tambaya. Ka gaji fadama, ka sayi injin ban-ruwa da guminka, ka datse rafi da buhunan ƙasa domin rakenka da tumatirinka su sha. Na ƙasa da kai ya zo yana kuka, albasarsa tana bushewa, ka ce masa, "Ai gonata ce." To, gonar taka ce, ba mu musa ba. Amma ruwan fa?

Ka sani malaman fiƙihu sun rarrabe. Ruwan da ka ɗebo ka zuba a randa ko duro naka ne, kana iya sayarwa. Amma rafi mai gudana ba kai ka haƙa shi ba, ratsowa kurum ya yi ta wajenka. Ya zo a Muwaɗɗa ta Imam Malik cewa Annabi (S.A.W.) ya yi hukunci a kan ƙoramun Mahzur da Muzainib a Madina, na sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa. Duba da kyau. Ba a hana na sama ba, shi ne ma na farko, amma an sa masa iyaka. Idon sawu aka ce, ba gwiwa ba.

Kakanninmu da jigo suke ban-ruwa, hannu kan gaji kafin rafi ya ƙafe. Inji kuwa ba ya gajiya. Tun da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa injuna da ƙananan rijiyoyin burtsatse a shekarun 1990, arziki ya shigo ƙauye, alhamdu lillahi, samari sun yi aure, sun sayi babura. Sai dai a wurare da yawa ruwa ya koma na mai man fetur.

In kana son ganin ƙarshen wannan hanya, tambayi mutanen Haɗejia da Nguru. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamunsu ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka sha wuya. Abin da buhunanka ke yi wa maƙwabcinka ke nan, girma ne kawai ya bambanta.

Za ka ce, "In na saki, wani ne zai zuƙe." Akwai gaskiya a nan, shi ya sa abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai jama'a sun zauna. Mai unguwa da sarkin noma da liman da arɗo su hallara, don shanu ma suna da haƙƙin sha, kuma wanda ya nome burtali ko mashaya ya ci amana. A raba ranakun ban-ruwa, a bar ciyawa da itatuwan bakin rafi, a hana wanke injin feshi a tafkin da yara ke kamun kifi. Ku da kuka yi makaranta, ku riƙe littafin rabon, a karanta shi a ƙofar masallaci. Kuma a yi zaman nan tun da kaka, kada a bari sai bazara, lokacin da rafi ya tsinke, rai ya riga ya ɓaci.