Darasi Na 9: Anka Da Sarƙarta

Karatu: Ibraniyawa 2:1-4, 6:13-20, Ayyukan Manzanni 27:27-44.

'Yan'uwa da ke zaune a bakin Binuwai da Kwara sun san halin ruwa. Idan mutum ya bar ƙaramin jirginsa ba ɗauri da dare, da safe ba zai tarar da shi wurin ba. Ba lalle sai hadari ya taso ba, gama ruwa yana jan jirgi a hankali, ba ƙara. Wannan ne haɗarin da marubucin Ibraniyawa ya gargaɗe mu a kansa cikin sura 2, watau mu zakuɗa daga abin da muka ji ba da saninmu ba.

A sura 6 ya kwatanta begenmu da anka. Bari mu lura da aikinta. Ankar ƙaramin jirgi ba da nauyinta kaɗai take riƙewa ba, sai haƙoranta sun nutse cikin yashi ko laka. Idan igiya ta ja ta sama, sai ta tumɓuke; idan an ja ta a kwance, sai ta ƙara shiga. Domin wannan matuƙa sukan sa sarƙa tsakanin anka da igiya, tsawonta misalin tsawon jirgin. Nauyin sarƙar yana kwantar da wuyan ankar a ƙasa. Sa'ad da raƙuman ruwa suka fizgi jirgin, sarƙar takan ɗaga kaɗan ta shanye fizgar. Duwatsun da za su cinye igiya kuwa ba su cin ƙarfe. Sukan kuma saki igiya ninki 5 zuwa 7 na zurfin ruwan.

Ankarmu ba ta da aibi, gama Yesu ya shiga bayan labule dominmu, Allah kuwa ya tabbatar da alkawarinsa da rantsuwa. Amma sau da yawa mukan bar sarƙa a gida domin nauyinta. Karatun Maganar Allah kowace safiya, da addu'a, da taruwa da ikilisiya, da furta zunubi, suna yi wa jiki nauyi. Nauyin nan ne fa yake kwantar da zuciya cikin tawali'u, har jarraba ta ja, bangaskiya ta ƙara kafuwa.

A dare na 14 matuƙan jirgin da Bulus ke ciki suka gwada zurfi, suka sami gaba 20, suka sake gwadawa, gaba 15. Sai suka saki anka 4 daga bayan jirgin, suna jiran gari ya waye. Jirgin ya farfashe daga baya, amma dukan mutum 276 suka kai gaci, yadda Allah ya faɗa wa Bulus. Ba a yi mana alkawari kayanmu za su tsira ba. Ranmu ne ke hannunsa.

Matuƙi yakan dubi itace da dutse a gaci, ɗaya a bayan ɗaya. Idan sun rabu, ya san ankarsa tana ja. Mu ma mu auna kanmu yau, gama rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi:
1. Me ya sa zakuɗa ta fi hadari wuyar ganewa?
2. Wane abu muka daina yi bara domin nauyinsa?
3. Wane ɗan'uwa ya daina zuwa sujada, wa zai ziyarce shi makon nan?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka riƙe mu, gama ba mu iya riƙe kanmu ba. Cikin sunan Yesu, Amin.