Sojan Gona A Filin Wasa

'Yan makaranta, ga wata tambaya na kawo muku, ina so ko wanenku ya juya ta a ransa tukuna kafin ya amsa. A ce makarantu biyu za su kara a wasan ƙwallo, an sa kofi, an kuma yanke cewa wasan na yaran da ba su wuce shekara 12 ba ne. Makaranta guda ta fito da yaranta na ainihi. Ɗayar kuwa ta shiga gari ta aro ƙarti uku masu shekara 16, ta yi musu aski, ta sa musu rigar makaranta, ta laƙaba musu sunayen waɗansu yara na cikin rajista. Aka buga, masu aro suka ci, aka kewaya gari da kofi ana kiɗa. To, wa aka cuta?

Na san galibinku za ku ce makarantar da aka cinye. Gaskiya ne an cuce ta, amma cutarta mai sauƙi ce, gama yaranta sun yi gudu, sun yi gumi, sun koma gida da gajiyar da suka samu da ƙafarsu, baɗi kuma ga su ga fili. Wanda aka fi cuta yana cikin makarantar da ta ci. Shi ne yaron nan da aka ari sunansa, yana zaune bakin fili yana gadin takalman mutane, yana ji ana kiran sunansa da na ubansa, wani ƙato yana amsawa. An hana shi wasa, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wadda ta fi muni, an koya masa karatu a ranar nan wanda ba shi cikin littafi, watau an nuna masa ƙarya tana kawo kofi, malamai kuma suna tafa mata. Yaro ba ya mance irin wannan karatu. Shi ya sa nake ganin yin gaskiya cikin wasa da barin kowa ya shiga wasa magana guda ce, don ba a taɓa shigo da sojan gona ba sai an fitar da mai haƙƙi.

Mu mutanen Wudil bai kamata a yi mana dogon bayani a kan shekarun ƙarya ba. Ku je kasuwar shanu ran Jumma'a ku tsaya kusa da dillali. Mai sa zai rantse ya ce sansa ɗan shekara uku ne, mai saye ba zai yi gardama ba, sai ya sa a kama, a buɗe baki a duba haƙora. Haƙoran nono suna zubewa biyu biyu, manya suna maye wurinsu, har baki ya cika, sa'an nan su soma cinyewa. Wanda ya iya karatun bakin sa ba a sayar masa da tsoho a kuɗin ɗan maraƙi. Abin kunya, yanzu irin binciken da ake yi wa dabba a kara shi ake yi wa 'ya'yan mutane, domin maganar manya ta daina isa shaida.

Ga yadda abin ya kai haka. A 1985 aka yi gasar duniya ta farko ta yara 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin, Najeriya ta cinye Jamus ta Yamma da ci biyu ba ko ɗaya, ta ɗauko kofi. Ƙasa duk ta yi murna. Ba a yi shekara biyar ba, a 1989, sai hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta tarar ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasanmu da suka je wasannin Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka rubuta musu a gasannin baya. Aka hana Najeriya shiga wasannin matasa har shekara biyu, aka kuma karɓe gasar matasa ta 1991 da aka shirya za a yi a ƙasarmu, aka kai Fotugal. Da aka kawo gasar 'yan ƙasa da 17 Najeriya a 2009, wadda Kano na cikin garuruwan da aka buga ta, sai FIFA ta zo da na'urar asibiti mai ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Hikimar ita ce, a ƙarshen ƙashin yaro akwai wata 'yar guringuntsi inda tsawo ke ƙaruwa, in ya girma sai ta haɗe ta zama ƙashi. In an ga ta haɗe sarai, sai a ce mai hannun nan ya wuce shekarun. A 2016 yara 26 daga sansanin Najeriya suka faɗi wannan gwaji ana gab da karawa da Nijar, Nijar kuwa ta fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya na 2015. Lalle na'urar ba ta rasa kuskure, don jikin wani yana riga na wani nuna. Amma ba na'ura ta fara ƙaryar ba, kuma ba a Abuja aka fara ta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ko zuwa daidai ko zuwa karkace, filin firamare kuwa nan ne iccen yake ɗanye.

Sai wani ya ce, "Malam, ai kowa na yi. In mu kaɗai muka fito da ƙanana, mun kai su mahauta ke nan." Wannan magana ba ta wofi ba ce, ba na kuwa raina mai faɗinta, gama ba daɗi malami ya ga an zura wa yaransa takwas, ƙato ya take ƙaraminsu yana kuka. Amma ku dubi inda maganar ke kaiwa. Bana an aro mai shekara 15, baɗi abokan gaba su aro mai 17, baɗin baɗaɗa sai mai gemu, har a wayi gari ana gasar firamare ba ɗan firamare ko ɗaya a fili. Kofin da aka ci haka, me yake shaidawa? Yana shaida makarantar ta iya aro, shi ke nan. In malami ya ga za a karya masa yara, hanyar da ta dace ita ce ya kai ƙara gaban masu shirya gasa tun ba a busa usur ba, in an ƙi saurarensa ya janye yaransa su je su yi wasansu a gida.

Akwai wani wuri da ya fi wannan wuya, ba na so in tsallake shi. A ƙasarmu yaro da yawa ba ya shiga aji ɗaya sai ya yi nisa a makarantar allo, ko ya yi shekaru yana kiwo, wani ma ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, sai dai a ce shekarar ambaliya ko shekarar da aka yi wane sarki. Irin wannan yaro ɗan makaranta ne na gaskiya, sunansa nasa ne, sai dai ya fi 'yan ajinsa girma. In an hana shi wasa an cuce shi, in an sake shi cikin ƙanana an cuce su. A nan ni ina ganin iyayenmu sun riga mu gano magani. A fagen kokawa na dandali ba a tambayar takarda, ana duban tsara. In ƙato ya fito ya miƙa wa ƙaramin yaro hannu, 'yan kallo da kansu za su yi masa ihu, ko ya kayar ba mai yi masa kirari. Me zai hana makaranta ta yi zane a bango, ta raba yara bisa tsawo, manya da manya, ƙanana da ƙanana? Tsawo ba ya ɓoyuwa, ba a kuma aron sa.

Da an yi haka, da an warware wata matsalar kuma. A ce makaranta tana da yara 600, ƙwallo guda, 'yan wasa 11. Sauran 589 fa? Kullum su ne masu tafi. 'Yan mata ma ba a lissafa su. Alhali wasanninmu na gida ba su san ɗan kallo na dindindin ba. Langa ba ta bukatar ko kwabo, kowa ya kama ƙafarsa guda ya shiga, wanda aka zaɓa ruwa kuma ba lalle ƙato ba ne, mai wayo da zillewa ake nema. Wanda ya saki ƙafa ya san ya mutu, sai ya fita da kansa, in ya yi gardama gobe ba mai ɗaukarsa. Wanda kuma ciwon shan inna ya taɓa, kada a ce masa ya zauna ya riƙe wa mutane riga. A 1988 Misbahu Lawan Didi, wanda shi ma ciwon ya taɓa, ya ƙago ƙwallon da ake bugawa da hannu bisa katako mai taya, yau ga shi jihohi suna karawa a kansa.

Har cikin wasannin da Turawa suka kawo akwai wanda ya yi kama da langa ta wannan fuska. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ana wani wasa da ake kira fayis, mutum biyu da biyu suna dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu tana bugun bango. Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya yi karatu can, ya ƙware a wasan, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiya. Abin da nake so ku riƙe game da wasan nan shi ne ba shi da alƙali. In ƙwallo ta taɓa ƙasa sau biyu kafin ka buge ta, kai ne ka fi kowa kusa, kai ne ka gani, kai za ka faɗa, ko da cin da zai raba gardama ne. In ka tare wa abokin karawarka hanya, kai za ka ce a sake. Har yanzu ana buga shi a Katsina da waɗansu garuruwan Arewa, ɗakin wasan kuwa bango uku ne da daɓe.